Gamanar Cha'ibu da Mutumin da Ya Tsaya a Iyakarta

Kowace safiya, da an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu a Tasawa, Mushe Dauda yakan turo tsohon motonsa waje ya jingine shi da katanga. Ba ya tayar da shi nan da nan. Sai ya fara ɗaure kayan aikinsa a baya: igiya mai ƙulle-ƙulle, ƴar fartanya mai guntuwar ƙota, in kuma damina ta kama, da tushen ciyawar gamba naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Wanda bai san shi ba zai ɗauka manomi ne ya makara. Daga nan ya tsaya wurin mai koko ya sha a tsaye, ya jijjiga moton yana sauraren esansi, wato fetur, da ya rage. In ba zai kai shi ba, ya san inda amalanke ke tsayawa.

Kasuwannin ƙauye yake bi, daga Kona zuwa Sarkin Hausa, daga can zuwa Kanan-Bakashe. Ba saye ke kai shi ba. A kasuwa ne ake samun magidanta zaune, ba su da hanyar cewa "maigida ba shi nan". Da sun hango shi sai a fara.

"Ga mai roƙon gona nan ya taho! Mushe, wa ka zo amshe wa ƙasa yau?"

"Wanda ya ɓoye ɗa bayan ɗaki," in ji shi. "In ba kai ba ne, matsa mini in zauna."

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan yawo. A ƙarshen wannan shekara ta 2010 zai aje aiki. Na je da ƙafata biron, wato ofishin da teburinsa yake, na tambayi wanda zai gaje shi. Aka buɗe dosiyen takardunsa, aka rufe, aka sake buɗewa. Sannan aka dube ni ido cikin ido aka ce a takarda babu wani aiki irin wannan, don haka babu abin da za a gada. Shekara ashirin da shida, jama'a! Mutum ya ƙarar da gwiwoyinsa a yashin Mayahi, a ce wai abin da ya yi ba shi da ko suna? To tunda takardarsu ta ƙi ɗaukarsa, bari tawa ta ɗauke shi.

Malamin lakwal ne tun asali, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, yadda ake kiran malaman boko a ƙasarmu. Bayan ya gama jami'a a Yamai, ya sami tafiya ƙetare, ya ƙara shekara uku a kan fanni guda: yadda ake raka matashi mai naƙasa daga ƙuruciya har ya zama babban mutum mai riƙe da kansa. Makaho, kurma, gurgu, da wanda kansa ke jinkirin ɗauka. Ya dawo a tamanin da huɗu, soja na kan mulki, sama ta ƙafe, shanu na faɗuwa a bakin rijiyoyi. Ya kai littafin bincikensa mai kauri wurin wani babba. Babban bai ko buɗe ba.

"Mushe, masu ƙafa biyu ma ba su ci ba, kai kana zancen guragu?"

Aka ba shi tebur a kusurwar wani biro a Tasawa, aka manta da shi. Littafin yana nan a saman kabad. Na ga abin da gara ta bari.

Shi da bakinsa ya gaya mini cewa shekararsa ta farko asara ce. A can an koya masa matakai: lakwal, koyon sana'a, aikin albashi, ɗakin haya na kanka. To ina aikin albashi a Kona? Ya yi ta tara mutane yana bayani, suna gyaɗa kai, suna watsewa. Sai wata rana a Sarkin Hausa ya tarar da wata tsohuwa tana jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake ci sai in yunwa ta kai maƙura. Don gajiya ya zauna kusa da ita.

"Inna, a nan yaushe yaro ke zama mutum?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ran da ubanshi ya yanka mishi gamana mana. Duk karatun nan naka ba a gaya maka ba?"

Wanda ya tashi a birni, bari in gaya masa. Gandu gonar gida ce, tana hannun maigida, kowa na noma ta, kowa na ci daga rumbunta. Gamana kuwa, wadda wasu ke ce wa gayauna, ita ce ƴar gonar da uba ke yanka wa ɗansa in ya kai kamar sha biyar. Akwai kwanakin da ake sakinsa ya je ya noma abarsa. Abin da ya samu nasa ne, rumbunsa daban. Daga nan yake ɗinka riga, daga nan yake neman aure, kuma daga ranar ne in maza na shawara a zaure ake juyowa a ce masa, "Kai mi ka gani?"

Mushe Dauda ya bi gida-gida a ƙauyukan da ƙafarsa ta kai, bai sami mai naƙasa ko ɗaya da aka yanka wa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Tausayi ne, kuma wallahi tausayin nan ne ya fi ci mini rai. Ana ciyar da su, ana tufatar da su, ana ce musu "yaro" har furfura ta fito. In fari ya zo kuma, su ne na farko da ake ɗora wa mota zuwa Maradi su zauna bakin titi.

Tun daga ranar ya bar tara taro. Ya kafa ƙa'ida uku, har yau bai sauya su ba. Uba zai furta da bakinsa, gaban mai gari da shaidu, cewa ya ba da. Matashin zai dasa gamba a iyakar da hannunsa. Ta uku ita ce mai wuya: ba wanda zai noma masa. Igiyar nan mai ƙulle-ƙulle ta makafi ce, kowane ƙulli rami guda, da ita suke shuka layi ya miƙe. A rugagen wajen Kanan-Bakashe kuwa ba gona yake roƙo ba. Tambaya yake, "Ina karsanar da aka ba yaron nan ran suna?" Na ji daga bakin mutum uku yadda ya yini a ruga guda har sai da wani uba ya tashi ya nuna wa ɗansa kurma, Bube, jikokin saniyarsa ɗaya bayan ɗaya.

Kai ne, Mushe, ka haye teku neman ilimi, ka dawo ka durƙusa gaban tsohuwa mai jiƙa anza ka ƙarasa shi. Na karanta littattafai da yawa a kan manyan mutane, ban ga wanda ya yi wannan ba.

Yanzu bari in shiga gidanmu, don ba zan jinjina wa mutum in ɓoye kunyata ba.

Cha'ibu yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami, da hannuwa yake tafiya, da ƴan katakai biyu da yake dafawa. Ina ɗan sha biyar mahaifinmu, Malam Tanko, ya yanka mini gamana. Cha'ibu na da ashirin da ɗaya, yana zaune a ƙofar zaure muka wuce shi. Har barka ya yi mini. Ban ga komai a ciki ba. Ban ga komai ba, ni mai karatu!

Da damina ta zagayo Mushe Dauda ya sauka gidanmu. Sau biyar yana zuwa. A na biyar mahaifinmu ya ce, "Mushe, ka ji tsoron Allah. In ba shi gona ya noma da mi?"

"Ka tambaye shi?"

Shekara ashirin da biyu, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Aka kira Cha'ibu. Ya ce, "Baba, in maƙeri ya rage mini ƙota, ni na fi kowa kusa da ƙasa." Aka yi dariya, mahaifinmu ya juya fuska yana goge ido. A makon nan aka yanka masa wani yanki gabas da gari, ya dasa gambarsa. Damina shida yana cika ɗan rumbunsa, har a shekarar da fara ta sauka bai tashi hannu wofi ba. Mahaifinmu ya rasu, gida ya koma hannun ƙanensa, Baba Mamman. Cha'ibu kuma ya fara zance da Ladi, ɗiyar wani masaƙin tabarma, aka ce a bari sai an ga kaka.

Kakar bara ba ta zo ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Kafin tsakiyar rani rumbun gandu ya ga ƙasa, na Cha'ibu ma aka haɗa aka ci, har irin shuka. Soja suka sake karɓar mulki, aka fara zancen taimako. Sai ga wani poroje na agaji, ba zan kama sunansa ba, da takarda mai kyawun rubutu: za a ba naƙasassu buhun hatsi kowane wata har kaka. Amma ga sharaɗi. Sai naƙasasshen da ba shi da gona, ba shi da sana'a.

Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Wanda ya zauna bakin titi, a ba shi. Wanda ya ja jiki ya noma ƙasa, a hana shi. Wani ya zauna cikin sanyin biro ya rubuta layi ɗaya, ya tafi cin abincin rana, layin nan ya bi ƙauyuka yana tuge gambar da aka yi shekara ashirin da shida ana dasawa. Cikin mako biyu iyaye suka fara karɓe gamanar ƴaƴansu don su shiga lissafin masu buhu.

Mushe Dauda ya je wurin sojan da aka ɗora kan rabon. Wanda ke tsaye a ƙofa ya ba ni labari.

"Mon kumandan, takardar nan tana biyan mutane ladan zama mabarata."

"Daga sama ta zo, Mushe."

"To a mai da ta sama a gyara."

"Kai wane ne a cikin sha'anin nan? Ina takardarka?"

Ba shi da ita. Ya baro wurin ɗauke da wasiƙar gargaɗi da aka ba shi kan shiga abin da ba nasa ba.

Baba Mamman kuwa ya riga ya je ya ce Cha'ibu ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa. Ba zan zage shi ba. Baki goma sha tara ke kallonsa, ƙananan yara sun fara kumburin ƙafa. Amma masu poroje sun ce za su zo su duba, don haka dole maganar ta zama gaskiya. A al'adarmu kuma, gonar da irin maigida ya shiga ta zama gandu, ba ta sake fita. In Baba Mamman ya shuka ta a ruwan farko, Cha'ibu ya koma yaro har abada. Mahaifin Ladi ma ya aiko cewa shi ba ya ba da ɗiya ga wanda ake ciyarwa.

Na dawo hutu daga Yamai, ruwan shuka ya sauka da la'asar ɗin wata Talata. Washegari da hantsi na bi Cha'ibu gona, ya tafi da guntun sunguminsa ba shi da ƙwayar iri ko ɗaya. Muna isa muka ji ƙarar moto. Mushe Dauda ne, taɓo har gwiwa. Ya kwance wani ƙulli daga baya. Ashe duk matashin da ya raka, a kakarsa ta farko yakan karɓi zangarniya kaɗan, ya shuka a bayan gidansa kowace shekara don kada irin ya mutu. Irin Cha'ibu ne ya dawo masa.

Bai miƙa masa nan take ba. Ya tsuguna har idonsu ya daidaita.

"Cha'ibu, ka saurare ni. In ka shuka wannan, babu buhu. Yaran gidanku za su sha wuya, kuma ni ba ni da abin da zan ba su. In ka bar gonar ka amshi buhu, wallahi ba ni ganin laifinka. Ban fi ka sanin yunwa ba."

"Mushe, kai mi ka gani?"

"A'a. Ni aikina in kawo ka inda za a tambaye ka. An tambaye ka."

Kafin ya amsa sai ga Baba Mamman da ƴaƴansa biyu, kowa da sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Ya ga moton, fuskarsa ta sauya.

"Mushe, kai dai ba ka da aiki? Gidanka ne?"

"Ina kwana, Malam Mamman. Ba gidana ba ne. Shi ya sa ka gan ni bayan gamba."

Gaskiya ne, ƙafarsa ba ta taka cikin gonar ba.

"Karatun Nasara zai ciyar mini da yara? In sun mutu kai za ka gina ramin?"

"Ba zai ciyar da su ba. Ni abu ɗaya na zo faɗi. Ina nan wanka, Malam Tanko, ya ce ya ba da. Mai gari na nan, shina da rai. In za ka amshe, amshe daga hannun mai ita, da bakinka, kamar yadda aka ba shi da baki."

Baba Mamman ya juya. "Yaro, tashi mu yi shuka."

"Baba," in ji Cha'ibu, "shekarata ashirin da tara. Rumbuna kuka ci bana, ban ce komi ba, don gidanmu ne. Ran nan ba ku ce mini yaro ba."

Cha'ibu ya ci gaba:

"In ka ce in ba ka gonar, ka faɗa, in ba ka, kai uba ne. Amma ba ni zuwa gaban baƙi in rantse ban taɓa noma ba. Ku ba ni damina ɗaya. In anza ce, tare za mu ci."

Baba Mamman ya buɗe baki. Kalma biyu kawai ake jira, "ba ni", amma suka ƙi fita. Ya daɗe yana kallon gambar da wansa ya tsaya aka dasa. Sannan ya tofar da yawu gefe, ya ce da ƴaƴansa, "Ku wuce mu tahi gandu, rana na yi."

Cha'ibu ya karɓi ƙullin. Ya sara rami, ya zuba, ya rufe da katakon hannunsa, ya ja jiki gaba. Ni kuwa zuciyata ta cika, hawaye na zuba, na yi tsalle zan ɗauki irin in bi bayansa. Hannu ya damƙe mini riga.

"Ina za ka, ɗan lakwal?"

"In taya shi, Mushe! Kwana uku zai yi shi kaɗai!"

"To ya yi kwana ukun. In kana son taimako, je ka ɗebo mishi ruwan sha."

Kwana uku ya yi. Mushe Dauda ya zo duk ukun, ya zauna bayan gamba, bai taɓa ƙasar ba.

Kada wani ya ɗauka labarin ya yi daɗi daga nan. Buhu bai zo ba. Mun ci anza, mun ci tafasa ba gishiri, an sai da awakin gidan duka. Ƙaramar ɗiyar Baba Mamman, Aishatu, ta kwanta har muka fid da rai, Allah ya tashe ta. Wata biyu Baba Mamman bai amsa gaisuwar Cha'ibu ba. A wasu gidajen kuma an tuge gambar, ba ta koma ba. Mushe ya san sunayensu duka. Wannan alhakin yana wuyan wanda ya rubuta layin nan, ko ya sani ko bai sani ba. Da ya cire kalma huɗu kawai, da yara sun ci, da gona ta tsaya. Har yau ina tambaya, wane irin taimako ne wannan da sai ka zubar da mutuncinka a ƙofa kafin a ba ka?

Allah ya ba da damina. Gero ya yi. Cha'ibu ya ɗaure dammansa, ya fitar da zakka, shi da aka so a rubuta cikin masu karɓa. Makon jiya Baba Mamman ya sa babbar rigarsa, ya ce in raka shi gidan su Ladi. Aka gaisa, aka yi addu'a. Mahaifinta ya gyara zama.

"To, Malam Mamman, yaron naku mi gare shi?"

"Ba yaro ba ne," in ji Baba Mamman. "Gona gare shi, gabas da gari. Ka je ka gani, gambarshi na nan."

Na kai wa Mushe Dauda labarin a Tasawa. Na tarar da shi yana kwashe teburinsa. Na zaci zai yi kuka kamar yadda na yi. Sai kawai ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Akwai wata yarinya makauniya a Sarkin Hausa, Hindu, an hana ta akuyar da kakarta ta bar mata. Kana da esansi?"

Mushe, kai ne mai tsayawa bayan gamba. Ka iya shiga, ka ƙi. Ka iya yi musu aikin, ka bari suka yi. Ba su ba ka kujera ba, ba su ba ka suna ba, za su rufe ƙofar biron a bayanka kamar ba ka taɓa zama ciki ba. Amma daga Kona zuwa Kanan-Bakashe akwai rumbuna da ba don kai ba da ba a gina su ba, akwai ƴaƴan da ake kira da sunan iyayen da aka ce ba za su taɓa aure ba. Na gode. Gidan Malam Tanko ya gode. Allah ya saka maka, ya ƙara wa gwiwoyin nan naka ƙarfi, ya sa ka ga jikokin Cha'ibu suna gardama kan iyakar gonar nan.

Ku kuma ƴan'uwana masu karatu, da ke neman fannin da za ku zurfafa a ciki, ga fanni nan ba mai gado. Ku karanta shi har ƙarshe, ku dawo ku tilasta a rubuta shi a takarda, don kada wani ya sake tambayar irin Mushe Dauda ko shi wane ne. Wanda kuma ba zai iya wannan ba, aikinsa ya fi kusa. In ka koma gida yau, dubi ƙofar zaurenku. In akwai wanda ke zaune nan kullum, wanda kuke wucewa in za ku gona, ka tsuguna har idonku ya daidaita, ka tambaye shi. Ni yayana shekara shida ya girme ni, kuma sai da baƙo ya zo daga Tasawa sannan na san ana tambaya.